Yadda Nomau Ya Tsayar da Ɓauna

To, ku gyara zama, mai goro a aljihu ya ɓantaro ya miƙo, ga labarin Nomau na Kwanar Gawo.

Kwanar Gawo ƙauye ne a bakin babban titi, daidai inda hanya ta karya kwana ta gangara. Gidan farko in ka sauka daga mota, mutum huɗu ne a ciki. Akwai Inna Delu, tsohuwa mai murya, wadda in ta ƙwala maka kira daga madafi sai kajin maƙwabta sun watse. Akwai babban ɗanta Shekarau, mai fentin manyan motoci, shi ke ci da gidan. Akwai matarsa Ladingo, wadda ba ta da aikin da ya fi mata daɗi irin tsokanar ƙanin mijinta. Sai ƙanin mijin, Nomau.

Nomau ƙato ne, ga gemu ga kafaɗa, buhun gero a wurinsa kamar matashin kai. Ba ya sata, ba ya ƙarya, ba ya musu. Matsalarsa guda ce tal: abin da ka gaya masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. An taɓa yin baƙo daga wani gari can ƙetaren kogi, da zai tafi Inna ta ce, "Nomau, raka baƙo." Ba ta ce ya dawo ba. Ya raka shi bakin titi, ya shiga motar da ya shiga, ya hau kwalekwalen da ya hau, har ƙofar gidansa. Baƙon ya ji kunya, washegari ya rako shi har Kwanar Gawo. Da mutumin ya juya zai koma, Nomau ya sake zura takalmi. Ba don Inna ta cafke masa riga ba, da har yau suna kan hanya.

Wata rana aka jawo gingimarin Alhaji Tunau mai albasa zuwa ƙofar gidan, marfin bayanta ya rugurguje. Wata bas ce ta shigar mata a kan kwanar nan, kuma ba shi ne karo na farko ba. Kafinta ya buga sabon katako, saura fenti. Shi kuwa Shekarau, zane uku ne a hannunsa tun da ya koyi sana'a: zaki, mikiya, giginya. Zakin ma in ka dube shi da kyau, kamar kyanwa mai ciwon haƙori.

Alhaji ya tsaya ya dubi guntun tsohon marfin, inda wutsiyar zaki kaɗai ta saura.

"Shekarau, zakinka ya mutu. Kuma kar ka tashe shi."

"Alhaji, sai a yi mikiya."

"Mikiyar da direbobi ke ce wa angulu? Ka ga, akwai mai sitika a birni, inji ke buga masa hoto, ya liƙa maka kafin shayinka ya huce. Don darajar mahaifinka kawai nake kawo maka aiki. Ranar kasuwa ta sama za a yi lodin albasa. Ina son hoton da ba a taɓa gani a kan titin nan ba. In ba ka yi ba, motocina duka na mai sitika ne."

Kowa a garin ya san in Alhaji Tunau ya juya, sauran masu motoci bin sa suke yi kamar tumaki. Ranar ko tuwo Shekarau bai ci ba.

A lokacin akwai wani baƙo a zauren gidan, Injiniya Nafi'u, wanda aka turo ya haɗa wa garin rijiyar burtsatse mai sola. Ya zo da wata talabijin shafal kamar allo, da akwatin gem, da hannun gem ɗin, wato ɗan abin dannawan nan mai maɓallai. In ya taso aiki bayan la'asar sai ya jona a batirin sola ya yi ta wasa. Wasan na wani maharbi ne mai baka da kwari, yana yawo a wata ƙasa da ko a mafarkin mai zazzaɓi ba a ganin irinta. Duwatsu masu farin kai kamar an juye musu kindirmo. Ciyawa har ƙugu tana kaɗawa. Ruwa yana zubowa daga kan dutse yana tashin hayaƙi. Ga barewa, ga tsuntsaye kala-kala.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne wajen ɗaukar hoto. Injiniya ya danna wani ɗan maɓalli, sai komai ya ƙame. Ruwan da ke zubowa ya tsaya a iska. Wani tsuntsu ya rataye a sama, fukafukai a buɗe. Daga nan sai ya riƙa juya kallon yadda ya ga dama, ya ɗaga sama, ya kwantar ƙasa, ya zagaya bayan tsuntsun, in wurin ya yi masa sai ya danna wani maɓallin, hoton ya shiga cikin akwati.

Nomau ya dafa kafaɗarsa. "Injiniya, don Allah sake shi haka nan. Fukafukansa za su sage."

Shekarau kuwa da ke bakin ƙofa ya saki baki. Ga hotunan da yake nema, sun zo har zauren gidansu. Sai dai shi yana da kankare katako da shafen farin fenti a gabansa, Injiniya yana da rijiya. Wanda ba shi da aikin komai a gidan mutum ɗaya ne. Haka aka zaunar da Nomau, Injiniya ya koya masa: wannan tafiya, wannan juyawa, wannan tsayarwa, wannan ɗauka, wannan gogewa.

"Malam Nomau, ka riƙe wannan da kyau. Duk abin da ke motsi, in ka danna shi, sai ya tsaya."

"Duk abin da ke motsi?"

"Duka."

Wata rana da safe zai fara aiki, Inna ta leƙo zaure ta ja masa kunne. "Ƙasar mutane za ka shiga. Kar ka faɗa gidan kowa ba sallama, kar ka ɗauki hoton kowa bai yarda ba. Ka ji ni? Kar ka jawo mana abin faɗa." Nomau ya kora maharbinsa har wani ƙauye mai gidajen dutse, ya tsayar da shi a ƙofar gidan farko, ya gyara murya.

"Salamu alaikum!"

Shiru. Ya ƙara ɗaga murya. A ta uku sai da ƙasa ta zubo daga rufin zaure. Maƙwabcinsu, wani tsoho da ke gyaran akurki a bayan katanga, ya ɗauka da shi ake.

"Wa alaikumus salam! Wa ke nan?"

Nomau ya washe baki, ya rusuna wa talabijin. "Baba, Nomau ne daga Kwanar Gawo. Ina kwana? Ina gajiya? Ya iyali? Izinin hoto na zo nema."

"Hoto? Yanzu? Ai ko wanka ban yi ba!"

"Ba komai, Baba, yi a hankali, ina jira."

Ya mayar da maharbin gindin wata bishiya don kar rana ta dake shi, ya naɗe hannu. Can wajen azahar sai ga tsohon ya shigo zaure cikin babbar riga ta Sallah, ya sha turare, ya kafa hula, ya ce ina mai hoton. Nomau ya dube shi sama da ƙasa, ya dubi talabijin, ya ce, "Baba, ta ina ka fito?" Ranar abin da aka samu a akwati hoton ƙofa ne a rufe, shi ma Nomau ya ce bisa kuskure ya ɗauka, a nema masa afuwar masu gidan.

Wata rana Ladingo ta baza shanyar barkono da kuɓewa a tsakar gida za ta je gidan suna. Bazara ce tsakiyarta, sama fes, ko gajimare ɗaya babu. Don tsokana kawai ta leƙa zaure ta ce, "Maigida ƙarami, ga amana nan. In ka ga hadari ka kwashe min shanya." Ta fita tana dariya. Ba a jima ba hadari ya haɗu a ƙasar maharbi, baƙi ƙirin, da walƙiya da tsawa. Nomau ya yi wurgi da hannun gem ya fita a guje. Ya kwashe barkono ya haɗa da kuɓewa a buhu ɗaya. Ya kwashe wankin Inna. Ya kora awaki ɗaki. Ya jera bokitai a ƙarƙashin indararo, ya lulluɓe Inna da buhu tana cikin gyangyaɗi a inuwa, sannan ya fita titi yana ihu a kai yara gida. Ladingo ta dawo ta tarar da awaki a kan gadonta sun cinye rabin kuɓewar, suna atishawar barkono.

"Nomau! Ina hadarin yake?"

Ya ja ta har zaure ya nuna mata. Ana ta sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya.

"Matar Yaya, cewa kika yi in na ga hadari. Ba ki ce a wane gari ba."

Wata rana kuma Shekarau ya jera gwangwanayen fenti a ƙofar gida, ya shiga ciki neman burushi. Akwai wani rago a unguwar, marar mutunci, wanda har limamin gari sai da ya taɓa sa shi gudu da buta a hannu. Ragon ya ɓullo daga lungu, ya hangi gwangwanaye, ya ja da baya, ya sunkuyar da kai. Nomau na zaure ya gan shi. Wani zai ɗauki sanda. Shi kuwa ya fito da hannun gem, ya tsaya tsakanin rago da fenti, ya auna ragon, ya danna.

Rago bai tsaya ba.

Ya sake dannawa da yatsa biyu. Ragon ya ɗauke shi a gwiwa, suka tafi tare cikin gwangwanin jan fenti. Da ƙura ta lafa, Nomau ja, rago ja, ƙofar gida kamar mahauta. Matan unguwa suka fito suna salati, sun ɗauka an yi yanka ba bismilla. Shekarau ya ɗora hannu a ka, don jan fentin nan shi ke nan gare shi, kuma sai birni ake samunsa.

Nomau ya tashi zaune, ya goge hannun gem da bakin riga, ya ɗaga shi sama yana jujjuyawa yadda ake yi da waya.

"Yaya, ba laifin abin ba ne. Ƙofar gidan nan ce babu sabis."

To, amma fa a yi adalci. Da Injiniya ya tabbatar masa cewa duwatsu da koguna ba su da maigida, ba sai an nemi izini ba, sai aiki ya fara kyau. Nomau ba ya sa maharbinsa gudu, wai kar ya gaji. A hankali yake tafe da shi kamar mai kiwon tsohuwar saniya, in sun hau tudu ya bar shi ya huta. Garin hutawar nan yake ganin abin da masu sauri ba sa gani. Ya ɗauki wani tafki da dutse ya kwanta a cikinsa, sama ta koma ƙasa. Ya ɗauki rana tana leƙowa ta tsakanin bishiyoyi, haskenta tsage-tsage kamar tsintsiya. Ya ɗauki barewa tana shan ruwa can nesa, don ya ce ba kyau a matsa wa mai shan ruwa. Injiniya da kansa ya zauna yana duba su yana girgiza kai.

"Malam Nomau, ni da na sayi abin ban taɓa ganin wuraren nan ba."

Nomau ya ji daɗi har kunnensa ya motsa.

Wata rana, ana saura kaɗan ranar kasuwa, Shekarau ya shigo zaure a gajiye, ransa a ɓace, farin fenti har gira. Ya duba hotunan a tsaitsaye.

"Kyau dai akwai kyau. Amma wannan mene ne, ƙuda?"

"Barewa ce, Yaya."

"Wannan fa?"

"Mikiya."

"Nomau, bayan mota za a sa, ba bangon ɗaki ba. Mota tana gudu wa zai ga barewa kamar ƙwayar gero? Ka bar abu ya matso ya cika gilashin, daga nan har nan. Kar ka danna sai ya cika. Wanda bai cika ba ba na so, goge shi."

Ya faɗa ne kawai irin faɗan mai gajiya, ya fice. Nomau ya gyara zama. Ya buɗe tafkin nan, ya auna da tafin hannu: bai cika ba. Ya goge. Ya buɗe barewa: ba ta cika ba. Ya goge. Ɗaya bayan ɗaya, yana yi yana jan hanci, don yana son su, amma Yaya ya faɗa. Har ƙofar nan ta farko sai da ya sallama.

Sannan ya fita neman abin da zai cika gilashi. Ya matsa wa dutse har maharbi ya buga goshi, gilashi ya zama toka-toka, ba a gane komai. Ya goge. Ya matsa wa kogi, maharbi ya nutse. Yana cikin ba shi haƙuri, sai suka ɓulla wani fili da yamma, rana ta yi ruwan ɗorawa, ga wata ɓauna tana kiwo. Ta ɗago kai. Ta karce ƙasa da kofato. Ta taho.

Nomau ya san wannan tahowar, gwiwarsa ba ta manta rago ba. Cikinsa ya ce ruga. Amma Yaya ya ce kar ka danna sai ya cika. Ɓauna ta kai girman akuya. Bai danna ba. Ta kai girman jaki, ƙasa tana rawa a cikin talabijin. Gumi ya jiƙa masa gemu, yana karanto duk addu'ar da ya iya har da ta shiga kasuwa. Ƙahon dama ya taɓa wannan gefen gilashi, na hagu ya taɓa wancan. Ya rufe ido ya danna.

Da ya buɗe ido ɗaya, ga ta nan a ƙame, hanci a buɗe kamar bakin murhu, kumfa tana rataye a iska, idanu jajir, rana a tsakanin ƙahoninta. Babu inda za ka sa yatsa a gilashin ba ka taɓa ɓauna ba. Ya danna na ɗauka, hoton ya shiga akwati.

"Sannu, baiwar Allah," in ji Nomau. "Ki yi haƙuri, ban nemi izini ba. Ke ma ba ki yi sallama ba."

A ranar ne rijiya ta kawo ruwa. Gari ya ruɗe da guɗa, motar su Injiniya ta zo ɗaukarsa tana ta hon. A gurguje ya tura abin da ke cikin akwati zuwa wayar Shekarau, ko dubawa bai yi ba, ya naɗe kayansa. Da zai shiga mota ya ga Nomau ya yi tsuru-tsuru, sai ya zaro wani tsohon hannun gem da ya daɗe da mutuwa ya ba shi na tunawa. Mota ta tashi.

Shekarau ya wanke hannu, ya zauna a kan benci, ya ce bari ya zaɓi tafkin nan mai dutse a ciki, don tun da ya gan shi ya kwanta masa a rai. Ya buɗe waya. Ɓauna. Ya ja yatsa. Ɓauna dai. Ya ja ta ɗaya gefen. Ita ce.

"Nomau. Ina sauran?"

"Ba su cika ba, Yaya."

Abin da Shekarau ya faɗa a wurin ba zai maimaitu a gaban manya ba. Ya bi shi da burushi suka zagaya gingimari, sai da Inna ta fito da muciya ta tsaya a tsakani.

"Kai ka ce ya goge ko ba kai ba?"

"Inna, ni ne, amma..."

"To tun yau ka san shi? Wanda ya raka baƙo ƙetaren kogi?"

Ba yadda za a yi. Zaki an hana, gem ya tafi, kasuwa ta ƙarato. Shekarau ya jingina waya a kan gwangwani ya fara zana ɓauna yana ƙunƙuni. Abin mamaki, hannunsa da ba ya iya ƙananan abubuwa, a nan ya sake. Babban burushi, baƙin fenti, ƙaho daga wannan ƙarshen marfi zuwa wancan. Da ya zo kan idanu ya tuna babu ja, rago ya yi wanka da shi. Sai ya tono wasu jajayen gilasai biyu masu ƙyalli, irin na bayan mota, daga jikin tsohon marfin da ya karye, ya buga su da ƙusa a gurbin ido. Ladingo ta fito zubar da ruwa, ta ɗaga kai, ta saki kwano ta koma ciki da baya da baya.

Ranar kasuwa da hantsi Alhaji Tunau ya iso. Ya zagayo bayan mota yana taunar goro, ya yi turus, goron ya sarƙe shi.

"Innalillahi! Shekarau, mene ne wannan?"

"Ɓauna ce, Alhaji."

"Na ga ɓauna ce! Na ce ka yi min abin da ba a taɓa gani ba, ban ce abin da ba a son gani ba. Jikokina in suka ga wannan sai an yi musu rubutu sun sha." Ya tofar da goro. "Lodi ba ya jira. Ta je ta dawo a haka, daga nan sai wurin mai sitika, ita da sauran. Mun gama."

 Shekarau ya tsaya da burushi a hannu kamar wanda aka yi wa rasuwa. Nomau ya dube shi, ya san shi ya jawo, ya rasa me zai yi, sai ya rungume mataccen hannun gem ɗinsa ya bi jama'a bakin titi.

Aka gama lodi, Gwadabe direba ya tayar da mota, ta hau titi tana nishi. Tana shan kwanar nan sai ga garken shanu sun fara tsallaka hanya. Gwadabe ya taka birki, gingimari ta tsaya cik a daidai inda aka saba shigar mata. Sai kuma aka ji kukan wata bas daga sama, ta taho a guje, kaya har sama, direbanta yana hira da na gefensa. Mata suka fara salati. Alhaji ya dafe hula da hannu biyu ya ce, "Shi ke nan, an sake."

Nomau ya tako gaba ɗaya. Ya ɗaga hannun gem, ya auna bas, ya danna da dukkan ƙarfinsa.

A daidai lokacin direban bas ya waiwayo gabansa. Rana ta daki jajayen gilasan nan, suka kama da wuta. Abin da ya gani ba bayan mota ba ne, wata baƙar halitta ce ta cika titi ta sunkuyo kansa. Tun daga nesa ya miƙe tsaye a kan birki da ƙafa biyu. Taya ta yi ƙara, hayaƙi ya tashi, kajin da ke saman bas suka yi gaba ba tare da ita ba. Ta zo tana ja tana ja, ta tsaya, tsakaninta da hancin ɓauna sai ka shimfiɗa tabarma. Kwandasta ya dire ta taga ya yanki daji, ko waiwaye babu.

Direban ya fito. "Wane marar imani ne ya saki wannan a titi?" Ya matsa a hankali, ya miƙa yatsa ya taɓa, ya ji katako. Ya zauna a ƙasa. "Wallahi na saba bin bayan manyan motoci har in karanta rubutun jikinsu. Wannan ko da kuɗi aka haɗa ni ba na matsowa."

Alhaji Tunau ya sauke hannu daga kan hula. Ya dubi tsawon baƙin layin da taya ta bari a kwalta. Ya dubi marfin motarsa, lafiya lau ko ƙwarzane babu. Ya daɗe yana kallon ɓaunar, ita ma tana kallonsa. Sannan ya ɓare sabon goro ya miƙa wa Shekarau rabi.

"Gobe za a kawo maka sauran motocin."

"Alhaji, wane zane za a yi musu?"

"Ita. Kuma ka ƙara mata kumfa."

Shekarau ya juya yana neman ƙaninsa, ido ya kawo ruwa, zai rungume shi a gaban jama'a. Ya same shi a bakin kwalta ko ta kansu ba ya bi, yana shafa mataccen hannun gem da bakin riga, fuskar nan fal annuri.

"Yaya, ka gani ko? Na gaya maka ba laifin abin ba ne. Ashe a bakin titi akwai sabis."

Tun daga ranar, duk motar Alhaji da za ta tashi, Nomau yana bakin kwana da abinsa a hannu, Inna tana aika masa fura can. An yi an yi a gaya masa gaskiya, Gwadabe ya ce duk wanda ya kuskura sai ya ɓata da shi, don shi dai ba ya sa giya sai ya hango Nomau ya auna. Wanda kuma yake ganin ƙari na yi, titi ba a kulle yake ba: ya bi bayan motar Alhaji Tunau, ya matsa kusa.